Taswirar da ake zanawa da alƙalumanmu, wa take yi wa aiki?

Ɗan_Fadama:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san a wannan zaure akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar. Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a wani ƙaramin asibiti da ke cikin fadamar Haɗejiya. Duk ƙarshen wata nakan baje rajistoci a kan tebur, ta masu awon ciki da ta riga-kafi da ta marasa lafiyar da ake duba su su koma gida, in tattara adadi, in cike takardar wata, in hau babur in kai. Ban da wannan, an zo an tsaya a ƙofar asibitinmu da waya an ɗauki inda yake, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. An ɗauki rijiyar burtsatsen garin, an ɗauki makarantar firamare, har ƙofar gidan dagaci an ɗauka, kuma duk wanda ya zo sai ya ce taswira za a yi domin a inganta aikin lafiya. To ni dai har yau ban taɓa ganin taswirar nan da idona ba. Shin tana da wani amfani da ke dawo mana nan ƙauye, ko kuwa ado ce da ake haskawa a bangon ɗakin taro a Abuja da ƙasashen waje domin masu ba da kuɗi su gani su ji daɗi?

Malam_Nasiru_Taswira:
Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka tana kan hanya, amma bari in ba da shaida a kan abin da na yi aiki a cikinsa, wato yaƙi da shan inna. A 2012 an samu yara 122 da cutar ta shanye a Nijeriya, fiye da rabin abin da aka samu a duk duniya a wannan shekara. A lokacin, kowace tawagar masu ɗiga riga-kafi tana fita ne da taswirar da aka zana da biro a takarda, kuma sau da yawa wanda ya zana ta daga ƙwaƙwalwarsa ya zana, wani kuma kwafar ta bara ya yi. Da aka kawo hotunan tauraron ɗan adam aka ɗora su a kan waɗancan zane-zane, sai ga ƙauyuka da rugage waɗanda babu sunansu a tsarin kowa. Mafi yawa suna kan iyakar mazaɓu biyu ko ƙananan hukumomi biyu, kowane ɓangare yana zaton ɗayan ne ke zuwa. Daga nan aka riƙa ba tawagogi waya mai bin sawu, aikin da ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta riƙe da tallafin Gidauniyar Gates, ta yadda a taron bitar yamma za a haska taswira a ga layin da aka bi da wanda aka tsallake, washegari a koma. Adadin ya sauko zuwa 53 a 2013, ya koma 6 a 2014, kuma yaro na ƙarshe a Jihar Kano a Sumaila aka same shi a watan Yulin 2014. Ba na cewa taswira ce kaɗai ta yi wannan, domin sarakuna da malamai da mata masu shiga gida-gida sun yi abin da na'ura ba za ta iya ba, amma wanda ya zauna a waɗancan tarurrukan yamma ba zai kira ta ado ba.

Tsohon_Dubagari:
Nasiru, ɗana, ka faɗi gaskiya, sai dai kada yaran yanzu su ɗauka da waya aka fara wannan aiki. Ni na yi aikin neman masu kurkunu. A binciken da aka yi ƙauye-ƙauye a 1988 zuwa 1989 an ƙirga mutum sama da 650,000 masu kurkunu a ƙasar nan, kuma da littafi da fensir da keke muka yi shi. A ofis akwai babbar taswira a bango, duk ƙauyen da aka samu cutar sai a soka masa allura mai kai, kuma da zarar ka tsaya gabanta za ka ga allurorin sun taru a inda mutane ke shan ruwan tafki da kududdufi. Wannan ne ya nuna inda za a kai ƙyallen tace ruwa da inda za a fara haƙa rijiya. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a 2008, aka ba ƙasar takardar shaidar rabuwa da shi a 2013. Abin da nake so in ce shi ne, a zamaninmu wanda ya kawo adadin yakan ga allurar ƙauyensa a bango, ya san inda guminsa ya tafi. Wannan ne na ga Ɗan_Fadama yake kukan an hana shi.

Umman_Sadiq:
Baba ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na yi shekaru ina cikin tawagar shiga gida-gida, kuma na riƙe wayar nan da ake magana. Zan faɗi abin da idona ya gani ba tare da kama sunan kowa ba. Akwai ranar da rana ta take, wata tawaga ta zauna a gindin tsamiya, suka ba wani yaro mai acaɓa wayar da kuɗin mai, ya zaga unguwar lungu-lungu ya dawo musu da ita. Da yamma taswira ta nuna unguwar ta cika da ɗige-ɗige kamar an watsa gero, aka yaba musu, alhali ba yaron da aka ɗiga wa komai. Abin da ya tona asirin shi ne masu bin baya da suka je suka tarar babu rubutun alli a bangon gidaje, kuma babu yaro ko ɗaya mai tawada a ɗan yatsa. Waya tana nuna inda waya ta je ne, ba ta shiga ɗaki ta ga jaririn da aka ɓoye a bayan gado.

Malam_Nasiru_Taswira:
Hajiya, hakan ya faru, kuma mun san da shi. Shi ya sa daga baya aka riƙa duba saurin tafiyar wayar, domin mai tsayawa a kowace ƙofa sawunsa ya bambanta da na mai gudu a kan babur. Amma na yarda da ke cewa alli da tawada da idon mai bin baya ba su da madadi.

Ɗalibin_Ƙididdiga:
Da izinin manya, ina karatun kimiyyar lafiyar al'umma, kuma labarin da aka fara koya mana a wannan fanni shi ne na Dakta John Snow. A 1854 amai da gudawa ta ɓarke a wata unguwa a Landan ta kashe mutum fiye da 600. Likitan ya ɗauki taswirar unguwar, ya riƙa jan ɗan layi a kan kowane gida gwargwadon waɗanda suka mutu a cikinsa, sai ya ga layukan sun yi cincirindo a kewayen famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya. Aka cire hannun famfon, annobar ta tsaya. A ganina wannan ya isa amsa, domin idan taswirar takarda ta tsayar da annoba tun kafin a gane ƙwayar cutar, ina ga tamu ta yau?

Likitar_Yara:
Ƙanena, labarin da aka ba ku an ɗan yi masa kwaskwarima, kuma yadda ya faru a zahiri ya fi dacewa da wannan muhawara. Lokacin da aka cire hannun famfon mace-macen sun riga sun fara raguwa, domin jama'a da yawa sun gudu daga unguwar, kuma taswirar da ta yi suna daga baya aka buga ta domin a gamsar da masu musu. Abin da ya ba Snow hujja shi ne tafiya gida-gida yana tambaya. Ta haka ya gano cewa ma'aikatan wata masana'anta da ke dab da famfon sun tsira saboda ba ruwansa suke sha ba, ya kuma gano wata tsohuwa da ta mutu a unguwa mai nisa saboda tana son ɗanɗanon ruwan famfon, kullum ana kai mata shi a kwalba. Sannan akwai malamin cocin unguwar, Henry Whitehead, wanda ya san kowane gida da mutanensa. Da farko bai yarda da maganar Snow ba, ya shiga bincike domin ya ƙaryata shi, sai ya ƙare shi ne ya gano jaririyar da aka zubar da ruwan wankin tsummokaranta a ramin da ke kusa da rijiyar. A wurinmu, matsayin wannan mutum shi ne na mai unguwa da liman da ungozoma. Saboda haka idan an ce a yi taswira ba tare da su ba, an ɗauki rabin darasin ne aka bar rabi.

Jikan_Arɗo:
Ni malamin makarantar 'ya'yan makiyaya ne a yankin Gumel, kuma ina so in kawo namu ɓangaren. Hoton tauraron ɗan adam na rana ɗaya ne, mu kuwa mutanenmu ba sa kwana biyu a hoto ɗaya. Idan an ɗauki hoton da damina za a ga bukkoki a kan tudu, idan tawaga ta zo da rani sai ta tarar da kufai da busasshen kashin shanu, ta rubuta cewa babu kowa, alhali mutanen suna can bakin fadama da yaransu. Na taɓa raka wasu ma'aikata neman wata ruga da ke cikin wayarsu, muka yi ta bulayi a cikin gonakin da aka girbe har la'asar, wayar tana cewa mun iso, mu kuwa ba ma ganin komai sai kara. Wata mai tallar nono ce ta nuna mana hanya da bakin ludayinta. Taswirar da za ta yi wa makiyayi amfani ita ce mai nuna burtali da mashaya da ranakun kasuwa, domin wanda ba ka same shi a ruga ba za ka same shi a Maigatari ranar Alhamis, har da waɗanda suka tsallako daga Nijar. Wannan ilimi yana bakin arɗo, kuma ba ya hana shi idan an zo masa da mutunci.

Tsohon_Dubagari:
Maganar kasuwa ta tuna mini da abin da manyanmu a wannan aiki suka ba mu labari game da agana. A ƙarshen 1966, a yankin Ogoja, allurar da ke hannun wani likita Ba'amurke, Dakta William Foege, ba ta isa a yi wa kowa ba. Sai ya shimfiɗa taswira, ya yi amfani da rediyon 'yan mishan aka aika mutane ƙauyuka su dawo da labarin inda masu cutar suke, aka yi wa mutanen waɗannan ƙauyuka allura, sannan aka tambaya ina danginsu suke, wace kasuwa suke ci, aka riga cutar isa can. Wannan dabara ta zagaye cuta ita aka ɗauka zuwa sauran ƙasashe har aka bayyana ƙarewar agana a duniya a 1980. Ka ga ashe tambayar Jikan_Arɗo, wato ina mutane ke tafiya, tsohuwar tambaya ce.

Mai_Lissafin_Mazaɓa:
Ina so in dawo da mu kan takardar wata da Ɗan_Fadama ya ambata, domin ni ne irin mutumin da ake miƙa wa ita. Adadin da ka kawo ana shigar da shi ne cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙirƙiro kuma ƙasashe fiye da 70 ke amfani da ita. Da zarar an shigar, jiha da tarayya suna iya ganinsa, kuma manhajar tana iya fitar da jadawali da zanen hawa da sauka da taswira mai launi na kowace mazaɓa, har na asibitinka shi kaɗai. Wato taswirar da kake nema tana nan, ba a dai bugo maka ita ba ne.

Amma akwai ciwon da ke cikinta wanda ya kamata kowa ya sani. Idan za a ce kashi nawa cikin ɗari na yara aka yi wa allura, dole a raba adadin da aka yi wa da adadin yaran da ke wurin, kuma wannan adadi na biyu hasashe ne da aka ɗora a kan ƙidayar 2006, ana ƙara masa wani kaso duk shekara. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Cikin waɗannan shekaru wani gari ya ninka saboda an yi masa kwalta, wani ya ragu saboda ruwa ya cinye shi. Shi ya sa za ka ga mazaɓa ta yi wa yara 130 cikin ɗari allura, ta fito kore shar a taswira, maƙwabciyarta kuma ta fito ja, alhali matan can ne ke tsallakowa nan saboda nan ne firjin ke aiki. Shirin GRID3 yana ƙoƙarin gyara wannan ta hanyar ƙirga gine-gine daga hoton sama a haɗa da ƙidayar wasu unguwanni da aka zaɓa, kuma ya fi hasashen da muke da shi kusa da gaskiya a wurare da yawa, sai dai rufin kwano ba ya faɗa maka ko mutum huɗu ne a ƙarƙashinsa ko almajirai arba'in.

Ɗan_Fadama:
Malam Mai_Lissafi, Allah ya saka da alheri, yau na ji abin da ban taɓa ji ba. Wannan magana ta ja da kore ta taɓa ƙona ni. Akwai shekarar da na dage ina kai rahoton duk wanda ya zo da amai da gudawa, ko mutum ɗaya ne, ina bugawa a waya a ranar. Da aka zo taro sai aka ce yankina ne ya fi ko'ina lalacewa, aka yi mini faɗa a gaban jama'a. Wanda ke kusa da ni, wanda na san ƙauyukansa sun fi nawa jin jiki domin daga can ake kawo mini wasu, bai kai rahoton komai ba, aka ce yankinsa lafiya lau. Na koma gida ina tunanin ashe mai gaskiya shi ake shafa wa ja.

Likitar_Yara:
Wannan da ka faɗa yana daga cikin manyan haɗurran wannan fanni, kuma ba a ƙauye kaɗai yake ba. Ku tuna da lokacin korona. Duk duniya tana kallon taswirar Jami'ar Johns Hopkins mai jajayen ɗigo, kuma ɗigon ƙasar da ke gwaji da yawa shi ya fi girma. A watan Afrilun 2020 a Kano, masu haƙar kabari ne suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce yadda aka saba, a lokacin da alƙaluman gwaji ba su nuna wani abin tashin hankali ba. Wurin da ya fito fari a taswira yana iya zama babu cuta, yana kuma iya zama babu mai kai labari, kuma wanda ya iya aikinsa ba ya ba waɗannan biyun launi ɗaya. A aikin shan inna an gane haka tun da wuri. Ƙaramar hukumar da ta shekara ba ta kawo rahoton ko yaro ɗaya da ƙafarsa ta saki ba, ita ake tuhuma, domin akwai wasu dalilan da ke sa ƙafar yaro ta saki ko babu shan inna, kuma rashin ganinsu yana nufin ba a dubawa. Haka aka yi zaton an gama da cutar, sai ga ta a Borno a watan Agustan 2016, a wuraren da rikici ya hana ma'aikata shiga shekara da shekaru. Sai 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar wa Afirka rabuwa da ƙwayar shan inna ta asali, wadda ake kira ta daji. Da wanda ya yi maka faɗa ya san wannan, da maƙwabcinka ya tsare da tambaya.

Hajiya_Ungozoma:
Ni ban yi karatu mai zurfi ba, 'yata ce ke rubuta mini abin da nake faɗa. An taɓa zuwa garinmu aka ce a taswira muna kusa da asibiti, saboda haka ba mu cikin waɗanda za a riƙa kawo wa ma'aikata duk wata. Gaskiya ne da rani tafiyar ba ta da yawa. Amma daga Agusta zuwa Oktoba ruwa ne tsakaninmu da shi, ga ciyawar kacalla ta toshe hanyar kwalekwale, sai an zagaya. A ambaliyar 2022 na raka mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, muka ɗora ta a amalanke zuwa bakin ruwa, muka jira mai jirgi, muka sake neman babur a ɗaya gaɓar. Mun fita bayan sallar isha, ba mu ga ma'aikaciya ba sai da aka yi kiran assalatu. Allah ya yi da sauran kwananta. Ina roƙon masu zanen nan, idan za su auna nisa su auna shi da damina.

Malam_Nasiru_Taswira:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Abin da kika nema akwai shi a ilimance, ana kiransa taswirar tsawon lokacin tafiya, wadda ke lissafa awa nawa mutum zai yi kafin ya isa asibiti a ƙafa ko a babur, tana la'akari da kogi da yashi da irin hanya. Ana iya yin ta kala biyu, ta rani da ta damina. Matsalar ita ce wanda ke zaune gaban kwamfuta bai san wace hanya ke mutuwa a wane wata ba sai an gaya masa, kuma mafi sauƙi a wurinsa shi ne ya zana da'ira ta kilomita biyar a kewayen asibiti ya ce duk wanda ke ciki ya samu. A ƙasa irin ta Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma wannan da'ira yaudara ce.

Abu_Hafsat:
Ina da wata damuwa da ban ga an taɓo ba. Idan aka sa ɗigo a kan gidan mai tarin fuka ko mai cuta mai karya garkuwar jiki, a birni ɗigon yana ɓacewa cikin dubban gidaje, amma a ƙauye mai gida ashirin kowa ya kalli taswirar ya san gidan wane ne. Ana iya fasa aure a kan wannan. Ɗan_Fadama yana neman a dawo da taswira ƙauye, ni kuma ina tsoron wace taswira za a dawo da ita, a kuma manna ta a bangon wa. Kada mu manta cewa abin da ya sa aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 rashin yarda ne, kuma cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Mutumin da ya ga baƙo ya tsaya a ƙofar gidansa yana danna waya ba tare da sallama da bayani ba, ba za ka hana shi zargi ba.

Mai_Lissafin_Mazaɓa:
Damuwarka daidai ce, Malam. Ƙa'idar aikin ita ce bayanin mutum ɗaya-ɗaya, kamar wanda ake shigarwa a manhajar SORMAS ta hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, lokacin annoba, yana hannun masu bin sawun cutar ne kawai, abin da ake fitarwa ga jama'a kuwa jimilla ce ta mazaɓa ko ƙaramar hukuma. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023. Abin da ya kamata ya koma ƙauye shi ne taswirar unguwanni da rijiyoyi da hanyoyi da adadin yaran da suka fara allura ba su ƙarasa ba, ba tare da suna ko gida ba. Ko ana kiyaye wannan a ko'ina, wannan wata magana ce, domin na sha ganin an ɗauki hoton shafin rajista da sunayen mutane an tura a WhatsApp.

Ɗalibin_Ƙididdiga:
Na karɓi gyaran Anti Likita da godiya. Amma ina so in kare masu kallon taswira daga nesa, domin akwai abin da sai daga nesa ake ganinsa. Wanda ke ƙauye ɗaya ba zai gane cewa sanƙarau yana da ɗamara da ta taso daga Sanagal ta ratsa ta kanmu har Habasha ba, kuma sanin wannan ɗamara ne ya sa ake tanadin allura kafin zafi ya shigo, har Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allurar da ke ba da kariya daga nau'i biyar na cutar a 2024, Jigawa na cikin jihohin da aka fara. Haka maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina, an zaɓi yankunanmu ne saboda alƙaluman ruwan sama da na asibitoci sun nuna mafi yawan zazzaɓin shekara yana faɗowa cikin 'yan watanni. Idan Ɗan_Fadama ya taɓa raba wannan magani, to taswirar ta dawo masa, a cikin kwali ta zo.

Umman_Sadiq:
Ɗana, ta zo a kwali, amma sau nawa kwalin ke isa? Idan adadin yaran hasashen 2006 ne kamar yadda Mai_Lissafi ya ce, shi ya sa a wata unguwa magani ke ƙarewa a rana ta biyu, a wata kuma a mayar da saura. Sannan ina so a lura da mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jikinta. Mun saba cewa yaran da ba su taɓa karɓar allura ba suna can ƙauyen ƙayau, sai ga cutar ta fi ƙarfi a Ungogo da unguwannin gefen birni masu cunkoso, inda asibiti ke kusa amma gidaje ke tsirowa kullum ba su cikin lissafin kowa.

Tsohon_Dubagari:
Ɗan_Fadama, tun da an ce taswirar asibitinka tana cikin kwamfuta, ka nemi a bugo maka ita a takarda babba. Idan ba a samu ba, ka sayi kwali ka zana taka. Ka tara masu unguwanni da arɗo da ungozomomi da shugaban 'yan acaɓa, domin babu wanda ya san hanya kamarsu, kowa ya nuna inda mutanensa suke da rani da inda suke da damina. Mu haka muka yi, da tsinke a ƙasa ma muke farawa kafin a mayar takarda.

Ɗan_Fadama:
Baba, na ji kuma zan gwada, domin kwamitin ci gaban mazaɓarmu zai zauna ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidan dagaci. Na riga na lissafa unguwanni goma sha huɗu da ke cikin takardar aikina, amma da na zauna da mai gadinmu jiya da daddare ya ƙirgo mini goma sha bakwai, biyu daga ciki duk Sabon Gari ake kiransu, ɗaya kuma masunta ne da ke zuwa idan ruwa ya ja baya. Har yanzu ban gamsu cewa aikin ɗaukar wurare da ake ta yi mana yana dawowa yadda ya kamata ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a zo sau uku a ɗauki rijiya ɗaya ba. Malam Nasiru da Malam Mai_Lissafi, idan mun gama zanenmu muka samu unguwanni ukun nan da ba su cikin lissafi, ta wace hanya ake shigar da su taswirar hukuma, kuma wa ke da ikon canza adadin yaran da aka rubuta mana?

Malam_Nasiru_Taswira:
Shigar da sunan unguwa da wurinta abu ne mai yiwuwa, ana yinsa lokacin sabunta ƙaramin tsarin mazaɓa kafin kowane zagayen riga-kafi, kuma zan turo maka yadda ake ɗaukar wurin da wayarka. Ka tabbata ka bambanta Sabon Garin biyu da sunan mai unguwar kowanne, in ba haka ba za a ɗauka maimaici ne a goge ɗaya. Maganar canza adadin yara kuwa ta fi ƙarfina, sai dai Mai_Lissafi ya faɗa mana yadda suke yi.

Jikan_Arɗo:
Kafin ya amsa, Malam Ɗan_Fadama, idan zaman na Asabar ne ka aika wa arɗo tun ranar Alhamis, kuma ka ce ya zo da ɗaya daga cikin matan da ke kai nono gari. Masuntan nan da ka ambata, a wane wata suke sauka?